Jan Farce a Gindin Kofi

Ɗigon jini ɗaya aka hana a ɗiba a yatsan Titrit, shi ya kai ta kabari tana 'yar shekara bakwai. Mutanen da ta mutu a hannunsu ba matalauta ba ne, ba kuma jahilai ba. Gidan Haj Lahsan ne, mai sayar da zuma da man argan a kasuwar Inzigan, mutumin da goshinsa ya yi baƙi don sujada. Kuma a cikin gidan nan akwai Nazha, matar ɗansa Radwan, wadda ba ta da wani aiki safe da yamma sai auna jinin yara.

Ranar da labari ya zo cewa Nazha ta samu kuɗin bincike, kaji aka yanka. Lalla Ijja, uwar mijinta, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta taga. Wata gidauniya ce ta Turai mai tallafa wa masana sababbin hannu, waɗanda ba su daɗe da gama karatu ba. Nazha ta nema an hana ta, ta sake nema an hana ta, wannan ne karon ƙarshe, don baɗi shekarunta sun wuce abin da suke karɓa. Aikin kuwa a bi marayun yankin Sus ne, a gano waɗanda aka haifa da ƙanjamau ba a sani ba, a sa su a magani tun jikinsu bai lalace ba.

Haj yana tsiyaya shayi daga sama sai ya tsaya da butar a hannu.

"Me kika ce, Duktura?"

"Ƙanjamau, Baba Haj. Na yara."

"A'uzu billahi. A gidana ba a kiran wannan sunan. Duk wanda ya tambaye ki, ciwon sukari kike bincike. Sukarin yara."

"Ai ƙarya ce, Baba Haj."

"Ƙarya ce mai tsabta. Ke a ganinki wa zai sa cokali a zumar da ta fito daga gidan da ake taɓa wannan abin? Ko takardar digirinki za mu riƙa dafawa?"

Aka yi dariya. Radwan ya fi kowa.

Kuɗin dai ba su da ƙanjamau. Albashin da ke cikinsu ya sauya firijin gidan, ya shimfiɗa sababbin tayil a tsakar gida, ya sa Radwan ya fara zagaya wuraren masu sayar da mota. Ba wanda ya wanke hannu bayan ya taɓa su.

Titrit 'yar Mbarak ce, babban ɗan Haj, direban babbar mota mai kai tumatir Nuwakshot. Ya mutu, aka ce hanta ce. Matarsa Rkiya ta bi shi, aka ce baƙin ciki. Hotonsa na nan a falo cikin firam mai ruwan zinariya, Lalla Ijja tana goge shi kullum. 'Yar da ya bari kuwa tana nan kamar tsinke, ga baki kamar rediyo. Ita ce mai tarbar Nazha a ƙofa tana caje mata jaka, tana kiran ta Tata, wato gwaggo.

"Tata, yau ma ba ki kawo cakulan ba? Wace irin duktura ce ke?"

"Irin wadda ba ta son haƙoranki su zube."

"Sun riga sun zube. Duba!"

Ta wangale baki. Nazha ta duba, ba giɓin ta gani ba. Fari ta gani a kan harshe da cikin kumatu, kamar madarar da ta kwanta. Ta shafa wuyan yarinyar kamar mai wasa, ta ji kaluluwa ta kowane gefe. Ta tuna kunnen da ke ruwa tun bara, da gudawar da ba ta ƙarewa, da rigar Idin da aka ɗinka mata shekara biyu da suka wuce har yau daidai take mata. Ta tuna yadda uba ya tafi, da yadda uwa ta bi. Irin waɗannan alamun su ne abin da ta rubuta wa Turawa har suka ba ta kuɗi.

Da safe Radwan zai sauke ta a wurin aiki da motar shago, ta yi masa maganar.

"Ɗigo ɗaya ne a yatsa. Kafin shayi ya huce an san sakamako. Idan akwai, maganin kyauta ne, ta girma kamar kowa."

Ya kashe rediyo. "Kin san abin da bakinki ke faɗa? Cewa kike ɗan'uwana mazinaci ne."

"Ban ce ba. Cewa na yi 'yarsa ba ta da lafiya."

"Tunda kika fara aikin nan kowa mai ciwon ne a idonki. Jiya na yi atishawa, ni ma auna ni. Ki auna magen gidan ma."

"Radwan, ka yi wa Baba magana."

"Zan yi. Ki bari a gama saukar da zumar bana, ransa a ɓace yake."

Aka sauke zuma, aka sayar, aka sauke wata. Radwan bai yi magana ba. Titrit ta fara tari, irin mai fita daga can ƙasa. Malamar makaranta ta ce tana barci a aji, sai Lalla Ijja ta cire ta, wai iskar hanya ce ba ta karɓe ta ba. Tun daga nan ba ta sake taka bakin ƙofa ba sai da kakarta riƙe da hannunta.

Magani kuwa ba a rasa ba. Gidan zuma ne. Zuma da habbatus sauda da safe, zuma da tafarnuwa da yamma. Aka kawo malami ya yi tofi, ya ce mugun ido ne, ya ci tajin kaza har da tanɗe yatsa. Aka kai ta ziyarar kabarin wani waliyyi a kan dutse, aka yanka baƙin zakara, ta dawo da zazzaɓi. Sau ɗaya Haj ya kai ta wurin likita da kansa, ya zaɓi ranar da Nazha ba ta nan. Likita ya tambayi abin da ya kashe iyayen, Haj ya ce hatsarin mota. Ya ce a je a auna jini, Haj ya sayo maganin tari ya dawo gida.

Da Nazha ta gaji da jiran mijinta sai ta tari tsohon da kanta, bayan la'asar, yana jan carbi a ƙarƙashin hoton Mbarak.

"Baba Haj, yardarka kawai nake nema. Kai ne waliyyinta. Ba wanda zai sani sai ni da kai."

"Da Allah," in ji shi. "Kin manta shi, Duktura? Ko ba ya cikin littattafanku?"

"Allah ne ya ce a nemi magani."

"To, yau kuma wa'azi za a yi mini a falona. Ijja, zo ki ji, mun samu sabon liman." Ya nuna hoton da carbi. "Wancan yaron ya haddace izu talatin. Ni na wanke shi da hannuna. Yana kwance ba ya iya kare kansa, ke kuma kina so ki tono shi ki shafa masa ƙazanta don Nasara su ƙara miki kuɗi. An ce ki nemo musu yara, kin rasa, kin juyo kan jikata?"

"Yarinyar tana ƙarewa, Baba Haj."

"Haka uwarta take, ba ta da jiki. Ba a taɓa jinin gidan nan. Na gama."

A wurin aiki ta sami shugabanta, Farfesa Alami, ta rufe ƙofa ta faɗa masa komai. Ya cire tabarau yana gogewa.

"Ba yardar waliyyi, ba gwaji. Kin sani, ke kika sa hannu. Ki yi sau ɗaya su ji, su kwashe kuɗinsu, da ke da mu duka. Kuma ba wanda zai sake ba ki ko dirhami ɗaya har ki tsufa."

"To yaya zan yi?"

"Ki kawo ta asibiti ta ƙofar gaba, kamar kowa."

"Ba za su bari ba."

"Wannan kuma matsalar gidanku ce, 'yata. Af, kada ki manta, masu kuɗin suna zuwa duba aiki bayan Idi. Ki tabbata komai tsaf."

A nan ba za a wanke Nazha ba, don ita ma ba ta wanke kanta ba. Ƙananan sandunan gwajin jinin suna cikin jakarta, jakar da Titrit ke cajewa kullum tana neman cakulan. Tasi yana wucewa ta ƙofar gidan dare da rana. Radwan ya ce mata, "Ranar da kika fita da yarinyar nan, ki zarce gidanku," amma ba wannan ya fi ɗaure ta ba. Shekarun da ta yi tana wanke kwalabe a ɗakin bincike ba ko sisi, su ta tuna. Ta ce wa ranta, bari masu kuɗi su zo su tafi. Ta ce, yara da yawa ne ke rataye da aikin nan. Ta ce, wataƙila ma ba shi ba ne. Mai ilimi idan zai yi wa kansa ƙarya ya fi Haj iyawa, don shi da hujja yake zuwa.

Haka ta riƙa shiga ƙauyuka tana durƙusawa gaban 'ya'yan mutane, tana lallashin kakanninsu da zancen da ta kasa cin nasara da shi a gida. Ta gano yara, aka sa su a magani, ta ga kumatunsu suna cikowa. Ta dawo da yamma ta tarar Titrit ta daina tarbar ta a ƙofa. Tana kwance a kan dogon kushin na falo, an rufe ta da bargo, idanu sun yi zuru-zuru.

Wata Lahadi mai aiki ba ta zo ba, Nazha ta shiga wanke kofunan shayi. Irin ɗaya ne duka, gilashi mai zanen shuɗi, waɗanda Haj ya kawo daga Makka. Tana kife su sai ta ga ɗaya da ɗigon ja a gindi. Ta kankara da farce, bai fita ba. Jan farce ne, an ɗiga shi da gangan, an ma sha sabunta shi, don ya yi kauri.

"Wannan nawa ne," in ji Titrit daga bakin ƙofa, tana dafe da bango. "Jadda Ijja ce ta sa mini alama don kada kowa ya sha mini. Cokalina ma akwai. Da kwanona. Ni kaɗai ce mai alama a gidan nan, ko Baba Haj ba shi da ita."

"Tun yaushe, Titrit?"

"Tun ina ƙarama. Kina kishi ne, Tata? Ki roƙe ta ta sa miki."

Nazha ta tsaya da kofin a hannu. Sai yanzu ta ga abin da ta daɗe tana kallo. Ranar Juma'a kowa hannunsa a babban kwanon kuskus, ban da Titrit, ana zuba mata daban, wai hannunta ba ya kaiwa tsakiya. Tawul ɗinta daban. Idan jikokin maƙwabta sun shigo, Lalla Ijja takan tashi ta raba musu kofuna da kanta.

Ta same ta a ɗakin girki tana fasa 'ya'yan argan da dutse. Ta ajiye kofin a kife a gabanta.

"Mene ne wannan, Lalla?"

"Kofi."

"Kun sani."

Dutsen ya ci gaba da sauka.

"Kun sani, Lalla! Tun yaushe?"

"Rage murya, ba a gidan ubanki kike ba." Ta share hannu a zaninta. "Ranar da Rkiya ta cika, likita ya ja Haj gefe. Ya ce a kawo yarinyar. To a kawo ta a yi me? A rubuta sunanmu a littafin gwamnati? A riƙa ganinmu a layin karuwai duk wata? Matar mai mahauta tana shara a asibitin nan, kafin azahar duk Inzigan ta ji."

"Shekara huɗu kuna kallonta."

"Kallonta? Wa ke tashi da ita idan tana tari? Ke? Ke kina can kina tara suna. Na hana ta ci ne? Na hana ta sutura? Na dai kiyaye sauran, shi ne laifina? Idan Allah ya rubuta mata kwana za ta yi."

"Maganin kyauta ne, Lalla."

"Mutunci ba kyauta ba ne."

Ko a ranar Nazha ba ta yi gwajin ba. Baƙi suna tafe. Suka zo, mace biyu da namiji ɗaya, jajaye kamar tumatir saboda rana. Aka zagaya da su, suka ɗauki hotuna da yaran da suka murmure, suka ce aikin Nazha abin misali ne. Haj ma ya aika musu da kwalaben zuma, kyauta daga dangin Duktura mai binciken sukari.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, maza suna masallaci, Lalla Ijja tana kan tukunyar kuskus, Nazha ta shiga falo ta tarar numfashin Titrit yana fita guntu-guntu, leɓɓanta sun yi toka. Ta buɗe jaka.

"Cakulan ne?"

"A'a. Kawo yatsanki. Kamar cizon sauro ne."

"Wayyo! Ƙarya kike, wannan sauron ƙato ne."

A jikin sandar gwajin, layi ɗaya lafiya, layi biyu akwai. Ba a ma jira ba, biyun suka fito jajir. Ta naɗe ta a bargo ta saɓa a kafaɗa, ba nauyi, kamar ta ɗauki kaza. Lalla Ijja ta biyo ta da ludayi a hannu har bakin ƙofa, tana ihu cikin raɗa don kada maƙwabta su ji.

"Ina za ki da ita? Ki bari a ci abinci! Ki jira Haj! Nazha, ki rufe mata fuska mana!"

A asibiti likitar yara ta duba ƙirjin, ta duba jinin, sannan ta dubi Nazha, don sun san juna.

"'Yar wa ce?"

"'Yar gidanmu."

"Gidanku? Gida ɗaya kuke kwana?"

Nazha ta gyara wa Titrit bargo.

"Da ko watanni kaɗan baya kika kawo ta," in ji likitar, sai ta bar maganar a nan, ta juya tana kiran a kawo iskar taimakon numfashi.

Haj ya iso da farar jallabiyar Juma'a, Radwan a bayansa. Bai nufi gadon ba. Ya tsaya a baranda ya kama hannun rigar Nazha.

"Wa ya gan ku?"

"Tana ciki, Baba Haj. Tana kiran ka."

"Na ce wa ya gan ku? Ta wace ƙofa kuka shigo? Wane suna kika ba su?"

"Sunanta."

"Allah ya isa," in ji shi. "Kin kashe mu."

Titrit ta yi 'yan kwanaki a can. Aka fara mata maganin da ya kamata a fara tun tana goye. Rana ɗaya ta ɗan farfaɗo, ma'aikaciya ta kawo mata ruwa a kofin roba, ta juya shi ta duba gindin ta ce ba nata ba ne, ba za ta sha wa wani ba. Sai da Nazha ta aro jan biro ta ɗiga mata sannan ta sha. Washegari da hantsi ta cika.

An yi zaman makoki na gani na faɗa. An kafa rumfa ta toshe titi, an kawo masu karatu, an yanka raguna. Duk wanda ya tambaya, sanyi ne ya shiga ƙirjinta, yarinyar dama ba ta da jiki. Mutane suka ce Haj ya yi ƙoƙari, ya riƙe marainiya kamar ƙwai.

Nazha ta je ta faɗa wa Farfesa Alami cewa ta yi gwaji ba yardar waliyyi, a yi mata duk abin da za a yi. Ya dubi ƙofa ya ga a rufe take.

"Sanda ɗaya? Ki ce ta lalace. Kullum suna lalacewa."

Shi ke nan. Abin da ta yi watanni tana tsoro ke nan. Ba wanda ya kwashe kuɗi, ba wanda ya ko tambaya. Ƙarshen shekara ma ƙarin wa'adi suka ba ta.

To, a duba a gani wa ya yi asara. Zumar Haj tana nan tana fita, har ya buɗe shago na biyu. Sunan Mbarak fes, hotonsa na sheƙi. Radwan ya sayi motarsa. Malami ya samu wani gidan mai tajin kaza. Farfesa yana zuwa taro a Turai yana nuna hotunan yara masu kumatu. Matar mai mahauta kuwa, da ake ta tsoro, ashe tun bara ta bar aikin shara.

Bayan an kwashe rumfa, aka zauna shan shayi, 'yan gida kawai. Lalla Ijja ta raba kofuna da kanta. Kofin Titrit ba ya ciki, tun ranar jana'iza ta naɗe shi a leda ta jefa a shara, da cokalin, da kwanon. Nazha ta ɗaga nata za ta kai baki sai ta ji wani wari-wari da ba na na'ana'a ba. Ta ɗaga kofin sama ta duba ta ƙasa. Ɗigon ja ne, sabo, ko gama bushewa bai yi ba.

"Ke kika riƙe ta a asibiti," in ji Lalla Ijja, ba ta ko kalle ta ba. "Har amai ta yi miki. Ba don komai ba ne, 'yata. Kiyayewa ce."

Haj ya kurɓa nasa da ƙara. Radwan yana wasa da makullin mota.

Titrit kuwa tana maƙabartar bayan tasha, a layin yara, kabarin bai kai tsawon kushin da take kwanciya a kai ba. Ba a sa dutse mai suna ba, Haj ya ce bidi'a ce. Yarinyar da ta fi kowa alama a gidan, yau ko kakarta ba za ta iya nuna maka inda take ba.